Tayar da Tsohon Keke a Kunci: Sana'ar Sanin Ƙarfe

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lissafin zirga-zirga ya sauya a karkarar Kano. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Magidanta da yawa suka jingine babur, sai tafiya ta kama dole ake tayar da shi. Tsofaffin kekunan da aka rataye a zaure, da waɗanda aka yasar a bayan rumbu kaji na kwana a kai, suka soma fitowa ɗaya bayan ɗaya ana tura su rumfar mai gyara.

A ƙasar Kunci, can arewacin jihar inda ta kusanci Katsina da Kazaure, abin ya fi fitowa fili. Ƙasa ce da gona ke bin gona. Daga Kunci zuwa Shuwaki, ko 'Yandadi, ko Gwarmai, ko Matan Fada, da wuya ka yi nisa ba ka ga gida ko shuka ba. Tsakanin ƙauye da ƙauye tafiya ce da ta fi ƙarfin ƙafa idan da kaya, amma ba ta kai a ƙona mata mai ba. Da keke ake kai taki gona da bazara, da shi ake ɗauko jarkokin ruwa, a kai buhun gero ko na wake kasuwa, mai noman rani a bakin madatsar Gari ya fito da kwandon tumatir bakin titi, ɗalibi ya tafi makarantar gari na gaba. Hanyoyin kuwa rairayi ne da burji, ga tsidau, ga ƙayar aduwa, ga ƙurar hunturu, ga laka da damina. Keken da zai daɗe a irin wannan ƙasa sai an zaɓa masa kaya da hankali, kuma wannan zaɓin shi ne ƙashin bayan sana'ar.

Kekunan da ake kawowa

Galibin tsofaffin kekunan da ke zuwa rumfa zubinsu ɗaya ne: baƙin keke mai manyan ƙafafu na inci 28, birkin sanda, giya ɗaya, sirdi mai sifirin, nauyinsa wajen kilo 20. Zubin Ingila ne. Uban gidansu shi ne Raleigh na birnin Nottingham, mai tambarin kan zalɓe, kamfanin da ya kafu tun shekarun 1880. Sannu a hankali ya haɗiye abokan gasarsa: Humber a 1932, Rudge a 1943, sannan a 1960 ya shiga rukuni ɗaya da Phillips da Hercules. Dattawa na tuna waɗannan sunaye, domin su ne kekunan da kuɗin gyaɗa ya sayo wa manoma, su ne na malamin makaranta da ma'aikacin En'e. Kasuwar Najeriya ta yi girman da har kamfanin ya kafa masana'anta a Bompai cikin Kano.

Daga 1986, da aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu na SAP, darajar naira ta faɗi, masana'antun Kano suka soma durƙushewa, sai kekunan Sin da Indiya suka cike gurbin: Phoenix na Shanghai, Flying Pigeon na Tianjin wanda aka fara ƙerawa a 1950, da Hero da Avon na birnin Ludhiana. Dukansu zubin Ingilan suka kwaikwaya, shi ya sa kayan wani kan hau jikin wani. Ita kuwa masana'antar Nottingham ta daina haɗa keke a 2002. Ma'ana, sabon kayan tsohon Raleigh na asali ba ya fitowa kuma. Abin da ya rage shi ne wanda ke jikin kekunan da kansu, da kuma na kwaikwayo da ke kasuwa, mai kyau da marar kyau a cakuɗe.

Mai faci daban, mai tayar da keke daban

Kayan aikin ba su da yawa: sifanoni, filaya, guduma, magagari, ɗan makullin ɗaure sifok, famfo, kwanon ruwan neman huji, sholisho, gwangwanin giris, kwalbar kananzir. Abin da ya fi su duka daraja shi ne tsohon akwati ko buhu da ke gefe, cike da ƙarafan da aka ciro daga matattun kekuna. Yaron da iyaye suka kawo koyo yana farawa da buga iska, ya koma faci, ya koma wanke boris da kananzir, sannan a bar shi ya haɗa hob, wato tsakiyar ƙafar keke. Ɗaurin ƙafa shi ne na ƙarshe, kuma ba kowa ke kaiwa nan ba. Lokacin da baburan Sin irin su Jincheng suka cika gari a shekarun 2000, daga baya Bajaj ya biyo, samari da yawa sun bar keke sun koma gyaran babur. Shi ya sa waɗanda suka san tsohon keke ciki da waje yawanci dattawa ne.

Faci kowa na iya koya cikin mako. Tayar da keken da ya shekara goma a ajiye kuwa yana buƙatar amsa tambayoyi uku: me za a bari, me za a sauya, kuma da me za a sauya shi. Cinikin yakan fara ne da magana irin wannan:

"Malam, ga shi nan. Na mahaifinmu ne, so nake ya tashi, amma abin hannuna kaɗan ne."

"To Alhaji, ku bari mu ga abin da ya rage a jikinsa tukuna, sannan a yi maganar kuɗi."

Mai keke yawanci fenti yake hange, da sabon madigadi, da ƙararrawa mai ƙyalli. Gwanin gyara kuwa hankalinsa na kan wuraren da ido ba ya gani.

A fara da firam

Idan firam ya mutu, duk abin da aka ɗora masa asara ne. Mai gyara yakan shafa bututu biyun da suka haɗu da wuyan keke, daf da mahaɗa. In ya ji ɗan kumburi a ƙasa, ko ya ga fenti ya tattare, ya san keken ya taɓa yin karo da gaba. Sai ya ɗaura zare daga inda ƙafar baya ke zama, ya zagayo ta wuya, ya komo ɗaya gefen, ya auna tazarar zaren da bututun sirdi dama da hagu. In ba su zo ɗaya ba, firam ya karkace, kuma keken zai riƙa cin taya gefe ɗaya. Daga nan ya ƙwanƙwasa ƙananan bututun baya, kusa da cibiya, wato gidan sandar feda, inda ruwa ke kwanciya tsatsa ta ci daga ciki.

Irin wannan firam ba waldar lantarki ta haɗa shi ba. Bututu ake zurawa cikin mahaɗa, a narka tagulla ta bi tsakani ta riƙe. Kaurin bututun bai wuce milimita ɗaya da 'yan kai ba, don haka waldar lantarki irin ta ƙofa da taga takan huda shi, ko ta gasa gefen ɗinkin ya yi rauni, bayan 'yan watanni ya sake tsagewa daf da inda aka yi aikin. Wanda ya sani yakan aika wurin mai waldar gas a yi da tagulla, in ya samu a zura guntun bututu a ciki ya ƙara ƙarfi. Fok, wato ƙarfen da ke riƙe ƙafar gaba, in ya ɗan lanƙwashe ana iya miƙar da shi sau ɗaya, domin ƙarfe ne mai haƙuri. Wanda ya tsage a wuya kuwa ba a lallaɓa shi, sauyawa ake yi, domin ranar da zai karye mai keke da fuska zai sauka.

Zaren da ba ya shiga kowane gida

Nan ne ake gane wanda ya daɗe a sana'ar. Raleigh ɗin Nottingham yana da nasa zaren na daban a cibiya, wato gidan da sandar feda ke juyawa, da kuma a wuya: zare 26 a kowane inci. Mafi yawan kofunan da ake ɗaurawa a waɗannan wurare, na kasuwa a yau, 24 ne. A ido ba ka bambanta su. Sabon kof zai shiga zagaye biyu ko uku lafiya, sai ya cije. Yaron da bai sani ba sai ya sa babbar sifana ya danna da ƙarfi, ya cinye zaren da ke jikin firam ɗin, wanda ba shi da madadi. Haka kuma kof ɗin gefen sarƙa da fedar hagu zarensu na hagu ne, ta baya ake ɗaure su.

Saboda haka ƙa'idar gwanaye ita ce: tsohon kof na asali, in dai cikinsa sumul yake, ba a taɓa shi. A wanke, a mayar. In ya lalace, a fara neman ɗan'uwansa a akwatin tsofaffin kaya kafin a je kasuwa. Da tsohuwar zuma ake magani. Kuma duk abin da ke da zare, da yatsa ake fara ɗaura shi. In yatsa bai kai shi ciki ba, sifana ba za ta gyara ba.

Boris, kon da giris

Manyan wuraren da keke ke juyawa a kan 'ya'yan boris huɗu ne, kowanne da irin nasa. Cibiya tana ɗaukar 11 a kowane gefe, masu kwatan inci. Hob ɗin baya 9 a kowane gefe, su ma kwatan inci. Na gaba yawanci 10 ne, masu 3/16. Na wuya su ne ƙanana, 5/32 a tsohon Raleigh. Kuɗinsu kaɗan ne, amma su ne ran keke, don haka ba a tsimi a nan. Ba a cakuɗa tsoho da sabo, domin sabon ya ɗan fi girma, shi kaɗai zai ɗauki nauyi har ya fashe. Masu gyara da yawa sun fi son zuba su warwatse a kan waɗanda ke cikin zobe, saboda warwatsen sun fi yawa a gida ɗaya, nauyi ya rarrabu, ga shi babu zoben da zai yi tsatsa ya kakkarye a ciki.

Kon da kof, waɗanda boris ke gudu a tsakaninsu, fatarsu ta waje ce aka ƙona ta yi tauri. Gwajinsu magagari ne: a goga a gefe, in ya zame bai kama ba ƙarfen ya ƙonu da kyau, in ya ci ya bar zane to ɗanye ne, ba zai ga kaka biyu ba. Tsohon kon da ke da siririn layi mai sheƙi lafiyarsa lau. Wanda ya yi ramuka ya gama aiki, kuma goge shi a dutse ba ya ceto, domin taurin ne ake gogewa. Wajen ɗaurewa, a matse har girgiza ta ɓace amma ƙafa na juyawa da kanta. Matsi fiye da kima ya kashe hob da yawa fiye da tsufa.

Sai maganar mai. Baƙin man da aka juye daga inji shi ne mafi sauƙin samu, amma yana ɗauke da garin ƙarfe, kuma ba ya zama. Giris mai kauri shi ne daidai. Sai dai giris da rairayi in suka haɗu, aikin dutsen niƙa suke yi wa boris. A ƙasa irin ta Kunci, a kwance hob da cibiya a wanke a sake giris sau ɗaya bayan damina ya fi sayen kaya mafi tsada a bar shi ba kulawa.

Ƙafar baya

Duk buhun da aka ɗora, ƙafar baya ke shan sa, shi ya sa nan kuɗi ya fi cancanta. Tsofaffin kekunan Ingila suna da sifok 40 a baya, 32 a gaba. Na baya-bayan nan 36 ne gaba da baya. Wanda zai riƙe tsohon hob mai huji 40 dole ya nemo rim mai huji 40. Haɗa 40 da 36 ta hanyar tsallake huji yana haifar da ƙafar da ba ta taɓa tsayawa daidai. Rim ɗin kuma sai irin mai tudu a tsakiya, wanda birkin sanda ke kamawa ta ciki. Ana ɗaga shi a ji nauyi, a duba inda aka haɗe bakinsa, a leƙa ciki. Tsohon rim da ya yi tsatsa a sama kawai ana kankarewa a ci gaba da shi, amma in tsatsa ta ci gefen hujin sifok har ya yi laushi, ya tashi daga aiki.

Sifok na yau da kullum kaurinsa milimita 2 ne. Akwai mai 2.3 da mai 2.6 na masu dakon kaya, amma sai hujin hob ya karɓe su. Kan da ake murzawa kuwa, na tagulla ya fi na ƙarfe nesa, domin ba ya tsatsa ya manne, ko bayan shekaru ana iya juya shi a daidaita ƙafa. Maganaɗisu ke raba gardama: ba ya kama tagulla.

Duk da haka, kauri ba shi ne sirrin ba. Sifok a gwiwarsa yake karyewa, kuma sakaki ke karya shi: duk zagayen ƙafa ya saki ya ɗame, ya saki ya ɗame, har ƙarfen ya gaji. Ƙafar da aka ɗaure da matsakaicin sifok, kowanne ya ɗamu daidai da ɗan'uwansa, ta fi wadda aka cika da masu kauri wasu a ɗame wasu a sake. Gwani yakan bi su ɗaya-ɗaya yana kaɗawa da yatsa yana sauraren amo. In sifok uku ko huɗu suka karye a jere cikin ɗan lokaci, sauran ma sun gaji, sake ɗaurin gaba ɗaya ya fi arha a ƙarshe.

Taya da tub

Ba duk tayar da aka rubuta wa 28 ke hawa tsohon keke ba. Tasa ita ce 28 x 1½, wadda bakinta ke da faɗin milimita 635, kuma lambar na nan a rubuce a gefen taya mai kyau. Kekunan gwanjo na Turai su ma ana ce wa tayarsu 28, amma 622 ce, ba ta shiga. Mai inci 27 kuwa 630 ce. Haka abin yake a 26: akwai 590, akwai 559. Wanda zai aika a sayo masa taya daga Bichi ko Dambatta, gara ya ba da lambar, ko ya ba da tsohuwar a tafi da ita.

Wajen zaɓe, ana lanƙwasa gefen taya a duba. In ƙananan tsagu suka bayyana, ta tsufa a shago, rana da zafi sun gama da ita tun ba a hau ba. Ana taɓa kaurin tsakiya, a bi wayar baki a tabbatar ba ta karye ba. Maganin tsidau da aka daɗe ana yi shi ne a yanke bakin tsohuwar taya a shimfiɗa ta cikin sabuwa. Keken zai ƙara nauyi, amma faci zai ragu. A kuma naɗa tsohon tub a kan rim don kada kan sifok ya huda sabo. Tub mai bawul irin na da, mai 'yar roba a ciki, gyaransa 'yar robar ce kawai. Mai bawul irin na babur kuwa ko'ina aka tsaya za a samu mai buga masa iska. Abin da ya fi kashe taya a ƙauye shi ne hawa da kaya babu isasshiyar iska: gefe ya tsage, rim ya tsinke tub.

Sarƙa, haƙora da kota

Ana cewa sarƙa ta miƙe, alhali ƙusoshinta ne suka cinye. Awonta mai sauƙi ne: tsakanin ƙusa da ƙusa rabin inci ne, don haka tazara 24 inci 12 ce cif. In ta ƙaru da 1/16 na inci, a sauya sarƙa. In ta kai 1/8, ta riga ta cinye haƙoran firiwil, sai a sauya su tare, in ba haka ba sabuwar za ta riƙa tsalle. Cire ƙulli ɗaya don ta ɗame ba ya warkar da komai. Babban faifan gaba na tsohon keke kuwa yakan jure shekaru, ba a gaggawar jefar da shi. Murfin sarƙa da mutane ke cirewa don yana ƙara, shi ne ke kare ta daga rairayi. A daidaita shi ya fi a yar.

Akwai zaɓin da ke sauya rayuwar mai keke da kuɗi kaɗan. Faifai mai haƙori 46 da firiwil mai 18 suna tura keke kusan mita 5.7 a kowane zagayen feda. Wannan na mai tafiya a kwalta ne ba kaya. In aka sa mai haƙori 22, sai ya koma kusan mita 4.7: gudu ya ragu, amma taku ya yi sauƙi a rairayi, gwiwa ta huta, sarƙa da kota ma su huta.

Kota, ɗan ƙarfen da ke riƙe ƙafar feda a jikin sanda, da gangan aka yi shi da taushi, don shi ya lalace a madadin manyan. Akwai mai milimita 9.5, wanda shi ne na kekunan Ingila, akwai mai 9. Ana goge fuskarsa da magagari har ya zauna, a tokare ƙafar fedar da ƙarfe daga ƙasa, sannan a buga. In ba a tokare ba, boris ɗin cibiya ke shan gudumar. Noti riƙewa kawai yake yi, ba da shi ake jawo kota ba. Kota biyun kuma kowanne ya kalli sashen da ɗayan ya ba wa baya, in ba haka ba fedoji ba za su miƙe a layi ɗaya ba.

Birki, kariya da sirdi

Kekuna nawa ne ke yawo babu birki, mai shi na tokare taya da silifa? Birkin sanda ba shi da wayar da za ta tsinke, abin da yake so kawai a miƙe sandunan, a sa mai a mahaɗa, a sa roba mai kyau, rufaffen gefen gidan robar yana kallon gaba don kada rim ya fizge ta. A kuma sani cewa rim na ƙarfe in ya jiƙe ba ya kamu da wuri. Kariya kuwa, ta masu walda na gida da ake yi da rodi ta fi ta kanti ƙarfi, muddin ƙafafunta sun sauka a kan sandar ƙafar baya, kaya kuma suka zauna a saman ƙafar maimakon su leƙa ta baya. Tsohon sirdin fata irin na Brooks, in ƙarfensa da sifirin suna nan, baduku zai iya yi masa sabuwar fata mai kauri, ya fi na soso da ke yagewa kafin shekara.

Inda kuɗi zai fara zuwa

Da yake ba kowa ke iya yin aikin a zama ɗaya ba, mai gyara nagari yakan jera wa mai keke abin da zai fara: boris da giris, sannan ƙafar baya da tayarta, sannan sarƙa da firiwil, sannan birki. Fenti da ado su jira kaka. Kayan kuwa daga Kano suke fitowa, daga shagunan Sabon Gari, su biyo 'yan tebur zuwa kasuwannin mako. Kwali ba shaida ba ne, domin sunan da ke kansa kowa na iya bugawa. Haka nan ba duk ɗan Sin ko ɗan Indiya ne jabu ba. A cikinsu akwai gangariya, akwai na banza. Nauyi a hannu, da magagari, da maganaɗisu, da tsaftar zare, su ne shaidu. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba ta rantsuwa.

Akwai kuma wani ma'auni da ya wuce taurin ƙarfe. Kekunan gwanjo masu giya da yawa sun fi sauƙin taku, wasunsu da kaya masu inganci ƙwarai, amma ranar da abin sauya giya ya karye a Ridawa ko Bumai, sai keken ya kwanta har a samu mai zuwa birni. A karkara, kaya mai ƙarko shi ne wanda in ya lalace za a iya kwance shi da sifana, a samu madadinsa a kasuwa ta gaba. Ƙungiyar World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005, da ta tashi ƙera keken Buffalo don ƙauyukan Zambiya da Kenya da Malawi, nan ta dawo: firam na ƙarfe, giya ɗaya, kariya mai ɗaukar kilo 100, kayan da ke dacewa da na kasuwannin yankin, da horar da masu gyara a ƙauyukan da kansu. Abin da injiniyoyinta suka tsara a takarda, masu rumfa a nan sun daɗe suna aiki da shi.

Abin da ke barazana ga sana'ar yanzu biyu ne. 'Yan gwangwan na bin gida-gida suna sayen tsohon ƙarfe a sikeli, kuma duk Raleigh ɗin da ya tafi narkawa ya tafi da kofuna da kon da hob da ba za a sake ƙera irinsu ba. Shi ya sa masu gyara da suka farga suke riga su saye, ko don su ciri kayan. Na biyu, kasuwa abin da ake saye take kawowa. Masana'antun Ludhiana da Tianjin suna yin mai kyau, suna yin na araha, ɗan kasuwa ne ke zaɓen wanda zai yi oda, shi kuma abin da ke fita daga shagonsa yake kallo. Muddin mai gyara zai karɓi ɗanyen kon don ragin 'yan nairori, shi za a ci gaba da turo masa. In masu rumfa na Kunci da Tsanyawa da Makoɗa da Bichi suka riƙa zuwa sari da magagari a aljihu, suna mayar da abin da ya kasa cin gwaji, suna kuma koya wa yaransu dalilin mayarwar, dillali zai sauya oda tun kafin kowa ya roƙe shi.